Kumfa a Ruwan Talibambam

Kifi na biyu ya mutu ranar Asabar da hantsi, Malam Isiyaku yana tsaye a kansa da tabarau a karan hanci, ba abin da ya iya yi. Yana kallo kifin ya rabu da 'yan'uwansa ya koma kusurwa, farin cikinsa ya rine ya yi toka-toka, yana ta buɗe baki yana rufewa. Can sai ya kife, ruwa ya ɗauke shi a hankali ya jingina shi da gilashi. Malam Isiyaku ya sa 'yar koma ya tsamo shi, ya kai shi gindin gwaibar tsakar gida ya binne kusa da na farko.

Kifayen ba nasa ba ne. Da son ransa ne, ko kyauta aka ba shi ba zai karɓa ba. Talibambam ne, amma ba irin namu na kogi da masunta ke wurgarwa a bakin gaɓa ba. Waɗannan 'yan mitsi-mitsi ne, bayansu kore shar da ɗigon baƙi, daga wata ƙasa mai nisa aka kawo su ta Legas. Ga iyayin tsiya: ba sa zama a ruwan daɗi zalla, ba sa zama a ruwan teku zalla, sai an haɗa musu tsaka-tsaki, an auna gishirin kamar mai dama wa jariri magani. Suhaibu, ɗansa na fari, shi ya jajibo wa gidan wannan jidali. Ya sayo akwatin gilashi mai girman adakar amarya ya kafa a ɗakinsa, da fitila, da ɗan injin da ke hura musu iska dare da rana. Kifi huɗu ya zuba, ya kuma raɗa wa kowanne suna. Mai ƙaton tumbin cikinsu shi ne Kwamishina.

Malam Isiyaku duk shekarun aikinsa a ma'aikatar ruwa ya yi su, yana tace wa mutanen Kaduna abin sha, don haka yana ganin ya fi kowa sanin amfanin ruwa. Kullum ya wuce ƙofar ɗakin sai ya yi tsaki. Kifin da ba a ci, ba ya gadin gida, in ma ka kuskura ka ci shi sai ya aika ka lahira, a ce shi ake tayar wa janareta a Unguwar Rimi. Suhaibu sai dai ya yi dariya, ya ce, "Baba, ka tsaya ka kalle su sau ɗaya mana. Gane mutum suke yi."

Haƙoran talibambam ba sa daina tsiro, sai yana tauna katantanwa suke zaizayewa. Shi ya sa wata Lahadi a farkon damina Suhaibu ya ɗauki bokiti ya hau babur, zai je wani rafi bayan Rigachikun inda yakan tsinto musu ƙananan katantanwa. Ya leƙo falo ya ce, "Baba, in an ɗauke wuta don Allah a tayar musu da inji. Yanzu zan dawo."

Malam Isiyaku ko kai bai ɗaga daga rediyonsa ba, ya ce, "Ai dama ni ne bawan kifi."

Maganarsu ta ƙarshe ke nan. Washegari manoma suka tsinci babur ɗin a jingine da bishiya, bokitin yana bakin ruwa, katantanwa sun hauro suna yawo a jikinsa. Ba wanda ya ga komai. Masu iyo sun bi rafin har inda ya faɗa kogi, ba su sami ko takalmi ba. An yi ta jiran waya, irin wayar da kowa a garin nan yake tsoro, har aka kai ana roƙon Allah ta zo, ita ma ba ta zo ba. Duk lokacin da aka ce an kawo wata gawa da ba a san mai ita ba, Malam Isiyaku yakan sa hula ya tafi ɗakin ajiye gawa, a janye mayafi ya duba, ya ce ba shi ba ne, ya dawo gida bai san ko godiya zai yi ko kuka ba.

A cikin wannan hali ya zama bawan kifin da gaske. Ya koyi haɗa gishirin da Suhaibu ya bari a buhu, ya koyi karanta siririyar kwalbar nan mai yawo a kan ruwa tana nuna ko gishiri ya yi yawa. Ya gano kuma yaron bai yi ƙarya ba, domin da ya shigo ɗakin sai su taho gaban gilashi suna kaɗa 'yan fukafukansu, suna bin yatsansa da ido. Bai gaya wa kowa ba, amma ya ƙudurta a ransa cewa ranar da Suhaibu zai turo ƙofar gidan nan, zai tarar da kifayensa yadda ya bar su. Abu ɗaya ne yaron ya roƙe shi kafin ya fita, shi kuwa ya amsa masa da gatse. Wannan gatsen shi ke hana shi barci.

Matarsa Harira irin matan da ne masu kawaici. Tun da ta haifi Suhaibu bakinta bai taɓa furta sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari, sai dai ta ce "yaron nan". Da ya ɓata ma ba wanda ya ga hawayenta. Ta dai rame, zanenta ya riƙa yi mata yawa, takan shiga ɗakinsa ta share ta zauna a bakin gado. Wani lokaci ta yafa mayafi ta ce za ta unguwa. Malam Isiyaku ya san irin shawarar da mata ke ba uwar da ɗanta ya ɓata, shi ya sa tun farko ya ja mata kunne: addu'a a kan sallaya ake yinta, ba ya son ya ji an kai sunan ɗansa zauren wani mai duba. Ta ce to.

Da na farko ya mutu, ya ce kwana ne ya ƙare. Da na biyu ya bi shi, sai ransa ya ɓaci, tsohon ma'aikacin ruwa ya tashi a jikinsa. Ruwan famfo ya fara tuhuma, don ya san sinadarin da ake zuba masa, da hannunsa ya sha zubawa. Ya daina ɗiba kai tsaye, ya riƙa tara shi a duro ya kwana biyu yana shan iska, daga baya ma ya koma roƙon ruwan burtsatse a maƙwabta. Ya hana fesa fiya-fiya a gidan, ya hana kunna maganin sauro, sauro kuwa ya samu sake a tsakiyar damina ya yi ta gasa musu aya a hannu. Turaren wuta ma ya ce a daina. Ya daina shafa mai a hannunsa har fatar ta yi furu-furu. Ya zargi katantanwa, ya zargi duwatsun ƙasan akwatin ya kwashe su ya dafa a tukunya. Duk bayan gyara kifayen sai su warware su ci abinci kamar ba su ba, shi kuma ya ce alhamdulillahi an gano. Kwana kaɗan sai ya shigo ya tarar sun yi laushi a ƙasa.

Ya ɗibi ruwan a gora ya hau keke napep zuwa Abakpa, wurin Audu mai sayar da kifin ado, wanda shi ya yi wa Suhaibu odar kifayen. Audu ya ɗiga magungunan gwaji a 'yan kwalabe, ya ɗaga su a hasken ƙofa, ya girgiza kai.

"Baba, ruwan nan ya fi wanda nake sha kyau. Yaushe ka ɗebo shi?"

"Jiya, bayan na canza musu rabi."

"To ai ka zubar da abin da muke nema. Kafin su mutu yaya suke yi?"

Malam Isiyaku ya kwatanta masa haki, da rinewar ciki, da yadda 'yar tsagar gefen kansu, inda suke numfashi, take yin ja.

Audu ya ce, "Wannan ba ciwo ba ne, da ciwo ne da ba su warware in an canza ruwa ba. Wani abu ne ke shiga. Na taɓa ganin irinsa a gidan da aka wanke bokitin kifi da omo. Amma kai ka ce ba sabulu. Wallahi ni ma ya ɗaure min kai." Ya rage murya. "Baba, in ka yarda in sa a kawo maka wasu biyu daga Legas. Duk kamarsu ɗaya. In Allah ya dawo da Suhaibu ba zai gane ba."

Malam Isiyaku ya ɗauki gorarsa ya ce, "Zai gane."

Na uku ya mutu a Asabar ɗin da ta biyo baya. A ranar ne ya lura da abin da ya sha gani bai kula ba, wata siririyar kumfa da ta kwanta a gefen gilashi daidai bakin ruwa. Ya ɗauka ta injin iska ce. Amma kumfar inji da ta taso take fashewa, wannan kuwa ta zauna daram, ga wani ɗan kore-kore a jikinta. Ya lakato ya shinshina. Akwai ɗan ƙanshin turare, a ƙarƙashinsa kuma wani wari na ɗanyen ganye wanda hancinsa ya sani amma ƙwaƙwalwarsa ta ƙi kawo sunansa.

Ya fito tsakar gida yana ɗaga murya, abin da ba halinsa ba. "Harira! Wa ya kai sabulu ɗakin yaron nan?"

Tana tsugune tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. "Malam, ban taɓa kai sabulu ɗakin ba."

Gaskiya ta faɗa, ya kuma ji a muryarta gaskiya ce. Ya koma ya canza ruwa, ya zauna yana kallon Kwamishina, wanda shi kaɗai ya rage, yana zagaya akwatin da ya yi masa faɗi. Tausayin kifin ya kama shi, tsoro kuma ya fi tausayin yawa. Yana ji a jikinsa cewa in wannan ya tafi, ba sauran wani abu na Suhaibu mai numfashi a gidan.

Tun da ya ajiye aiki, Malam Isiyaku yana cikin dattawan da ake kira wankan gawa a unguwa. Ranar Laraba tsoho Gambo tela ya rasu, aka aiko masa. Ya shiga ɗakin da aka keɓe, ya naɗe hannun riga, aka miƙo masa ƙullin dakakken ganyen magarya kamar yadda aka saba. Ya zuba a bokiti ya sa hannu ya dama. Kumfa ta taso, ta koma gefe ta kwanta a jikin bokitin, siririya, mai kore-kore, ta ƙi fashewa. Warin ɗanyen ganye ya bugi hancinsa.

Hannunsa ya tsaya cak a cikin ruwan. Ya tuna lokacin yana yaro a ƙauye, yadda ake daka ganyen magimfa a watsa a kududdufi, ruwa ya yi kumfa, kifi ya taso da ciki sama a yi ta kwasa. Ashe kumfar magarya ma haka take: abin da yake wanke mamaci tas, shi ne yake ƙona wa kifi numfashi. Wanda ke zuba masa ruwa ya ce, "Malam, lafiya?" Ya ce lafiya lau. Ya gama wankan yadda ya kamata, ya bi jana'iza har maƙabarta, amma ko kalma ɗaya ta addu'ar liman bai riƙe ba.

Da ya dawo bai shiga ɗaki ba, ya zagaya bayan kicin. Ƙaramin turmin da Harira ke daka yaji yana kife a kan dutse. Ya juya shi. Cikinsa ya rine kore. Ya mayar da shi yadda ya same shi, ya je ya zauna a kan kujera yana lissafi a zuci. Duk mutuwar Asabar ce. Kowace Juma'a kuwa, bayan sallar asuba, yakan zauna a masallaci sauraron karatu har rana ta fito.

Wannan Juma'ar, liman yana sallama ya ɗauki takalmansa. An yi yayyafi, titi ya jiƙe, gari ya fara haske. Ya tura ƙofar gida a hankali. Fitilar ɗakin Suhaibu tana kunne, kafin ya kai bakin ƙofa ya ji muryar matarsa, ƙasa-ƙasa, kamar mai tashin yaro daga barci.

"Suhaibu. Suhaibu ɗan Harira. Ka dawo gida."

Shekara da shekaru suna tare, yau ne ya fara jin sunan a bakinta, kuma ta iya faɗinsa, ta ja ƙarshensa da wani irin taushi da shi uban bai taɓa iyawa ba. Ta maimaita. Ya leƙa. Tana durƙushe gaban akwatin, ta ɗage murfin, bakinta daf da ruwa, a hannunta kwanon sha cike da wani baƙin ruwa mai kumfa. Kwamishina ya taso gabanta yana kaɗa fukafukai, a zatonsa abinci aka kawo.

Ya shiga ya riƙe mata wuyan hannu. Ba ta firgita ba, kwanon ma bai girgiza ba. Ta dube shi kawai.

"Mene ne wannan, Harira?"

"Rubutu ne."

"Na wa?"

"Kiranye ne, Malam. Wani malami ne a bayan gari." Ta faɗa kai tsaye, ba alamar neman gafara. "Ya ce a wanke rubutun da magarya da turare, a zuba wa abu mai rai wanda zuciyar yaron take manne da shi, a kira sunansa a kai. Duk inda yake zai ji, zuciyarsa ta jawo shi."

"Magarya ce ke kashe su." Muryarsa ta fita a dishe. "Na zargi famfo, na zargi gishiri, na bar sauro ya cinye mu. Magarya ce, Harira. Da ita nake wanke mutane. Shekaranjiya da ita na wanke Gambo."

"Na sani."

Wannan ce kalmar da bai shirya mata ba. A hanya ya yi ta tunanin yadda zai gaya mata ba tare da ya karya mata zuciya ba, ashe wahalar banza ya yi.

Ta ce, "Tun na farko na sani. Da ya mutu na koma wurin malamin a guje. Ya ce alama ce aiki yana ci. Ya ce ƙulli huɗu ne suka riƙe yaron, kowane kifi in ya tafi ya tafi da ɗaya. In na ƙarshe ya tafi, hanya ta buɗe."

"Ƙarya yake yi! Ya tambaye ki kifi nawa ne kafin ya ce huɗu, ko bai tambaya ba?"

"Ya tambaya."

"To?"

"Wata rana nakan san ƙarya ce. Wata rana kuma ban sani ba." Idanunta suka kawo ruwa, amma bai zubo ba. "Kai kana da abin yi, Malam. Ka je ka duba gawa, ka dawo ka auna gishiri, ka tayar da inji. Ni me zan yi da hannuwana? In zauna in ce to? Na ce to da aka ce kar in kira sunansa, har ya girma ya yi gemu bai taɓa jin uwarsa ta kira shi ba. Yanzu ina kira."

Ya san abin da liman zai ce a kan wannan aiki, ya san abin da shi kansa ya sha faɗa wa mutane, duk suna nan a bakinsa, amma ba ɗaya da ya yi daidai da fuskar matar nan. Abin da ya fito daga bakinsa daban ne.

"Amana ya bar min. Shi kaɗai ya rage. In ya dawo ya tarar babu ko ɗaya, me zan ce masa?"

"Ka ce ni ce. Sai ya yi fushi da ni." Ta dubi kifin. "Ya zo ya yi fushin."

Injin iska yana ta ɓurɓur a tsakaninsu. A waje wani mai keke napep ya wuce yana danna hon.

Ta ce, "Ka fi ni ƙarfi, kana iya karɓe kwanon. Amma in ka karɓe, ya zamana bai dawo ba, ba zan ce maka komai ba. Sai dai har in koma ga Allah, duk ranar da na kalle ka, zan ce saura ɗaya ne ka hana."

Ba barazana ta yi masa ba, abin da zai faru ta gaya masa, ya kuma san haka zai faru. Ya dubi Kwamishina, wanda ya gaji da jira ya fara cizon gilashi. Ya dubi wuyan hannun da ke cikin tafinsa, ya ga yatsunsa sun zagaye shi har sun haɗu da saura, matar da a da warwaro ke matse ta. Ya ji haushin malamin nan kamar ya mutu, ya ji haushin kansa, ya ji tausayinta ya danne su duka. Ya saki hannun.

Ta karkata kwanon a hankali. Baƙin ruwan ya sauka ya bazu kamar hayaƙi, ta kira sunan sau ɗaya, ta mayar da murfi. Ta ɗauraye kwanon da ɗan ruwa ta shanye, don rubutu ba a zubar da shi a ƙasa.

A tsakar gida duro yana nan cike da ruwan da ya haɗa tun jiya, gishirinsa daidai. Ya san in ya tashi yanzu ya kwashe rabin na akwatin ya zuba sabo, kifin zai sha. Aikin da bai fi a sha shayi ba. Ya zauna a bakin gadon Suhaibu, ita ma ta zauna a ɗaya gefen. Da ya saci kallonta sai ya ga wani haske a fuskarta wanda rabonsa da shi tun ranar da aka kawo babur ɗin gida. Bai tashi ba.

Kumfa ta taru a gefen gilashi. Da hantsi Kwamishina ya daina zuwa gaba in an motsa. Ya koma kusurwa, tumbin nan da Suhaibu ke yi wa tsiya ya yi toka-toka. Malam Isiyaku ya tafi masallacin Juma'a ya dawo ya tarar yana haki. Shi bai kai Asabar ba kamar 'yan'uwansa, jikinsa ya riga ya sha wuya. Bayan la'asar ya kumbura sau ɗaya, ya zama kamar ƙwallon yara, abin da Suhaibu ya ce suna yi ne kawai in sun ji tsoro ƙwarai. Sannan ya sace, ya kife.

Malam Isiyaku ya tsamo shi ya kai gindin gwaiba. Ƙasar tana da laushi, bai sha wahalar tono ba.

Harira kuwa ta tashi da wani irin kuzari. Ta yi wanka ta ɗaura sabon zane. Ta dafa dambun shinkafa da zogale, abincin da yaron ya fi so, ta zuba a kwanonsa ta rufe da faifai. Ta canza zanen gadonsa. Da magariba ta gabato ta zare sakatar babbar ƙofa ta buɗe ta wangam, ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna tana fuskantar titi. Masu wucewa suna gaishe ta, tana amsawa ba tare da ta kalle su ba, idonta yana can ƙarshen layi inda ake karyo kwana.

Ya dawo daga sallar magariba ya kama ƙofar zai turo ta, kamar kullum.

Ta ce, "Malam, kar a rufe."

Ya bar ta a buɗe. Ya wuce ɗakin Suhaibu ya tsaya gaban akwatin. Ruwa ne kawai da duwatsu, da kumfar inji tana tasowa tana fashewa. Ya kai hannu zai kashe soket, ya tsaya, ya janye hannun. Yana tsaye a wurin aka ɗauke wuta. Fitila ta mutu, ɓurɓurin ya yanke, gidan ya yi tsit har yana jin ƙarar kujerar Harira in ta gyara zama.

Ya daɗe a cikin duhun. Sannan ya lalubi bango ya fita, ya zagaya bayan ɗaki, ya durƙusa ya ja igiyar janareta.